Ta'aziyyar da na kai wa matar Sato

Shekara tara ke nan da rasuwar abokina Sato, kuma kafin wani ya tona ni, bari in faɗa da bakina: ni ne wawan labarin nan.

Sato ɗan Japan ne, mai shagon kifi da shinkafa a titin Gate City Boulevard, a nan ƙasar Turawa da muke zaune, kusa da inda nake ajiye tasi. Turancina na ɗan firamare ne, nasa ko nan bai kai ba, shi ya sa muka shaƙu. Ya rusuna, in rusuna, ya ƙara, in ƙara, har mai sayen kifi ya gaji ya tafi.

Da ya rasu na je gidansa a bayan titin Wendover, na tarar da matarsa Yoko da 'yan ƙasarsu da ba su cika falo ba, kowa tsit. Raina ya ɓaci. Mutum kamar Sato a yi masa makoki kamar marar dangi? Ranar Juma'a na tsaya ƙofar masallaci na yi gayya, Lahadi na biya coci na ƙaro 'yan Jos da Kaduna. Muka cika gidan har kan ciyawa, kowa da ɗan abu a hannu. Duk wanda ya shigo sai Yoko ta tambayi sunansa da inda yake zaune. Na ce wa Hajiyata, "Kin ga tarbiyya?"

Ashe a al'adarsu, wanda ya zo gaisuwa da ɗan abu a hannu, dole a bi shi da tukwici. Baiwar Allah ta kwashe makonni tana hawa benayen haya, tana miƙa tawul da ganyen shayi. Mu kuwa muna ta cewa sadaka take rabawa.

Yanzu shagon ya koma wurin gyaran waya. Jikokina na cin ɗanyen kifin da na rantse ba zai shiga bakina ba, da tsinke biyu kuma. Ina ma in san me Sato zai ce. Daɗi zai ji, ko shinshinawa zai yi ya ture? Yawancin 'yan ƙasarsu kamfani ke kawo su, kamfani ya mayar da su. Yoko ta ƙi komawa, wai nan ya bar ta.

Makon jiya na je na ce mata bana zan sake tara jama'a don tunawa da shi.

Ta ce, "Alhaji, ka zo kai kaɗai. Gwiwoyina ba za su iya da zumuncinka sau biyu ba."