Azumin da Ya Kada Ni a Jiratawa

Na daɗe ban rubuta komai a nan ba. Masu cewa na tsallaka Katsina da zama, ku huta. Ina nan Maraɗi, unguwar Zariya, bisa tabarma.

Ga wanda bai san ni ba, dillalin wake da gyaɗa ne ni. Wani babban Alhaji na nan Maraɗi nake wa yawo, in shiga ƙauyuka in ɗaure masa ciniki tun kaya na cikin rumbu. Jarina ƙafa da baki, shi ke nan.

Abin ya fara da ƙishirwa. In sha ruwa kamar raƙumi, in ta zagayawa bayan gida, wando ya fara zame mini. Da aka yi analiz na jini a asibiti, lokotoro ya ce ciwon sukari ne, kuma ya yi nisa, sai allurar rage sukari kullum. Ban da shayi mai sukari, ban da lemon kwalba, fura ɗan kaɗan, tuwo kamar dunƙulen hannu. Na tambaye shi to mi ya rage mini, iska? Bai yi dariya ba.

Lokacin iyakar ƙasa na rufe, wuta kuma sai ta ga dama. Allurar sai ka zagaye farmasi da yawa kafin ka samu, kuɗinta ya isa cefanen kwanaki. Firigo ba sanyi, ya koma akwati, sai matata Hadiza ta riƙa ajiye ta cikin tulu bisa jiƙaƙƙen yashi.

Ban faɗa wa kowa ba. A kasuwa, ranar da aka ji kana da ciwo mai zama, ranar aka fara neman wanda zai tsaya a madadinka. Gidana kuwa da wannan yawon yake ci.

To amma a sana'armu ba a ciniki baki bushe. Manomi ya dama maka fura, ɗan kasuwa ya miƙo shayi har zagaye uku. In ka ƙi, ka raina shi. Sai na samo dabara: ina azumi. Litinin da Alhamis ba mai tambaya, sauran ranaku in ce ramuwa nake. Har ƴan tasha suka fara ce mini Malam.

Wata Alhamis na tashi da aike cike da kai. Da sassafe asibiti, gwajin jinin da ake yi ba a ci komai ba. Da na fito na laɓe bayan wani kanti na yi allurata, da niyyar in sayi ɗan ƙosai in bi ta da shi. Sai ga kiran Alhaji, wai maza in tafi garin Tsibiri, wani zai riga mu ga wake. Na haye kabu-kabu.

Mai waken ya fito da fura mai sanyi, nono har yana kauri. Wallahi na yi niyyar kurɓa. Kafin in miƙa hannu ya janye ƙwaryar.

"Af, yau Alhamis. Malam, a gafarce ni, na manta kana azumi."

Na yi murmushi na ce ba komai.

Na dawo Maraɗi na bi farmasi da ƙafa neman sabuwar allura, tunda an ce tafiya magani ce. Babu allura. Duk mai abincin da na nufa sai in hango wanda ya san ni zaune a bencin. Na wuce.

Bayan la'asar na sauka Jiratawa wajen wani mai gyaɗa, na kama hanyar lambuna. Gumi mai sanyi ya jiƙa mini riga, harshe ya yi nauyi. A bakin magudanar ruwa na kife, ƙaurina ya daki siminti.

Mutane suka taru, ina jin su kamar daga cikin rijiya. Wani ya ce a ba ni ruwa. Sai muryar mai gyaɗar:

"Kada ku karya mai azumi, bawan Allah ne, saura kaɗan a sha ruwa. Ku zuba mai bisa kai."

Suka zuba. Suka yi mini fifita, wani na tofa addu'a. Ina son in ce sukari, bakin da na ci abinci da shi duk rayuwata ya ƙi buɗewa.

Allah ya sa Hadiza ta kira wayata, wani ya ɗauka ya yi mata bayani. An ce har na nesa sun ji ta: wane azumi, ciwon sukari gare shi, a shafa masa sukari a baki a kai shi likita.

Na farka da ƙarin ruwa a hannu. Majon, ma'aikacin jinyar da ke kula da ni, ya ce da an jira magariba, sai dai a nemi mai wanka.

Ciwon ƙaurin ya daɗe bai kame ba. Kullum wanki, kullum sabon bandeji, kullum ina tsoron ranar da za a ce a yanke.

Alhaji ya zo dubiya da buhun shinkafa. Ya yi mini addu'a mai kyau, ya ce in huta, lafiya ce gaba. Kasuwar da ta zagayo, wani aka gani a Tsibiri yana duba wake da sunansa.

Yanzu sukarin ya daidaita, ciwon ya rufe, lokotoro ya ce na murmure. Sai dai waya ba ta ƙara. In na ratsa tasha, sai ka ji an ce, Malam, an sha ruwa lafiya? In yi dariya tare da su, in dawo gida in zauna.

Na gode wa Allah. Na gode wa Hadiza. Mutanen Jiratawa ma na gode, abin da na faɗa musu suka riƙe.

Mai wannan ciwo, kada ka yi allura sai abinci na gabanka. Ka riƙa yawo da ɗan sukari ko dabino a aljihu. Duk inda kake zuwa, ko mutum ɗaya ne ya san abin da ke damunka.

Ni kuwa har yanzu ina gane wake mai ƙwari tun buhu na ɗaure. Wanda ke neman dillalin da ba ya shan shayi, ya yi mini magana.