Inabin da Bai Nuna Ba

Shekarar da aka sauke tutar Faransa, wani Nasara malamin gona da zai koma gida ya bar wa Babana dashen inabi iri biyu. Baba ya kafa su a garkarmu ta Jiratawa, ya yi musu rumfa, yana lallaɓa su kamar jinjirai.

Duka baƙaƙe ne, amma halinsu ya sha bamban. Ɗaya fatarsa siririya, da ka taɓa shi da haƙori sai ya fashe, zaƙi da ɗan tsami su wuce maƙogwaro sumul. Shi muke wawaso. Ɗayan kuwa ƙananan 'ya'ya ne masu kaurin fata, ga ƙanshi, amma ɓaurinsa sai ya ɗaure maka harshe, dasashi ya bushe. A wurinmu ɓauri na nufin abu bai nuna ba, kowa ya san ɗanyar kanya. Don haka Baba ya hana a taɓa shi.

"Ku bar shi ya nuna. Mai haƙuri shi ka dahwa dutse."

Muka bar shi, tsuntsaye suka cinye. Baɗi ma haka. Abokansa na Tsibiri har tsokanarsa suke, wai yana noma wa tsuntsaye sadaka. Ni dai, da yake ba na jin magana, nakan saci ƙwaya in tauna ina yamutsa fuska, har ɓaurin ya zame mini daɗi.

Wata rana maƙwabcinmu a Sabon Gari, tsohon kukun Nasaru, ya ga nonon inabin mai ɓaurin a hannuna. Ya latsa ƙwaya ɗaya, ya sansana, ya yi dariya.

"Ɗiyata, wanga ai ya nuna tuni! Ba na ci ba ne. Jar giya a kai da shi, ɓaurin nan shi Nasaru ka so. Ɗayan nan naku mai laushi giyatai ba ta da nauyi, ta wanga ko sai ta daɗe a aje ta ka kwanta."

Na ruga na faɗa wa Inna. Ta kama kunnena ta murɗa.

"Kul! In ubanki ya ji kalmar giya, yau zai tumɓuke shi. Mi zai tashi da asuba ya je dubawa?"

Na ja bakina na yi shiru, ina kallon Baba kowace shekara yana ɗanɗana ƙwaya ɗaya, ya tofar, ya ce saura kaɗan.

Da babban farin nan ya zo a ƙarshen zamanin Shugaba Diori, rijiyar garka ta ƙafe, inabin suka bushe duka. Ina kewar garkar nan har yau, kuma mutumin da ke tsaye cikinta na fi kewa. Ranar da muka je kwashe rumfar, Baba ya daɗe riƙe da busasshen reshen mai ɓaurin, sannan ya dube ni.

"Kaico, ɗiyata. Da bana ya samu ruwa, da kin sha zaƙi."