Ranar da Na Daina Gudu

Ranar wata Laraba ce cikin kaka, ana saura shekara uku Nasara su miƙa mana mulki, na tsaya a layi a filin lakwal, wato makarantar boko ta Faransawa, marata tana murɗawa kamar ana matse wanki a cikinta. Hantsi bai gama ɗagawa ba, amma yashi ya fara ɗumi a tafin ƙafa. A bayan dangar filin jakuna suna wucewa da buhunan gyaɗa zuwa wurin awo, ƙamshin harawar da aka shanya a kan rumfuna ya cika gari. Samari ne suka cika layin, mu 'yan mata ba mu kai yatsun hannu ɗaya ba, muna can ƙarshe. Malaminmu, Mushe Gambo (Mushe shi ne malam a bakin Faransawa), yana tsaye a gindin tsamiya da gajeren wando na kaki, usur a baki, tsumagiya a hammata. Ina da shekara kamar goma sha uku. Da asubahin ranar na fara ganin jinin al'ada, kuma a ƙarƙashin zanena babu abin da ke tsakanina da idon duniya sai wani tsumma da aka ɗaure da igiyar kaba.

Sunana Tasalla. A wata ruga kusa da Dogo-Dogo aka haife ni. Mahaifina, da muke kira Baffa, yana da 'yan shanu, da damina kuma yana noma gero da wake. Tun ina ƙarama aka san ni da gudu. In maraƙi ya tsinke ni ake kira, in akuyoyi suka faɗa gonar wani ni ke riga mai gonar isa. Da farin wata, in 'yan mata suka kafa gaɗa, nakan sulale in shiga cikin maza masu langa, in riƙe ƙafa ɗaya in kayar da waɗanda suka girme ni. Babu abin da nake so kamar in sheƙa a kan jigawa bayan ruwa ya ɗauke, yashi ya yi tauri da sanyi, iska tana kaɗa mini kunne. Baffa yakan tsaya da sandarsa a kafaɗa yana dariya, ya ce, "Da wannan namiji ce, me zan yi da doki?"

Da aka aiko daga bariki cewa kowane mai gari ya ba da yara don lakwal, har da mata, mai garinmu ya ɓoye nasa ya ba da 'ya'yan waɗanda ba su da mai tsaya musu. Haka aka kai ni wani gari a kan hanyar Magariya, aka ajiye ni gidan Gwaggo Hajara, yayar Baffa, wadda mijinta ke sayen gyaɗa. Gwaggo mace ce mai tsabta da zafin hannu. Kafin in tafi lakwal sai na cika randuna, in na dawo ga surfe, ga ɓarar gyaɗa, ga tuyar ƙuli-ƙuli da hayaƙinta ke sa ido ya yi ja. A lakwal kuwa an hana Hausa. Akwai wani ƙashin muƙamuƙin jaki da aka zura wa igiya, ana ce masa sambol. Duk wanda bakinsa ya suɓuce ya yi Hausa, a wuya ake rataya masa shi, kuma wanda yamma ta yi yana wuyansa shi ke shan bulala. Abu ɗaya ne ya sa nake jure wurin, wato jiminastik na safe. In Mushe Gambo ya busa usur nakan manta da randuna da sambol, in bar samari a baya suna haki. Shi kuwa ya mai da ni sandar dukansu. Duk yaron da na wuce sai ya kwanta an tsula masa, Mushe yana cewa mace ta fi shi. Ban san ƙiyayya ake tara mini ba. A lokacin ana ta shirin zuwan kumandan, Nasaran da ke mulkin yankinmu, kuma an riga an ce ni zan yi tsere da maza a gabansa.

Da na ga jinin a bayan ɗaki, na zaci wata cuta ce ta kama ni. Ba wanda ya taɓa yi mini bayani, Gwaggo kuwa ba fuskar tambaya gare ta ba. A bakin rijiya na gaya wa Dije, 'yar maƙwabtanmu, wadda muke aji ɗaya amma ta girme ni. Ta ja ni kangon bayan gidansu, ta yagi gefen wani tsohon zane, ta ninke shi ta yi mini ƙunzugu. Tana ɗaurawa tana cewa, "Girma ne ya zo, ba ciwo ba ne. Kada ki gaya wa kowa. Kuma yau kada ki yi gudu." Ba ta gaya mini yadda ake ƙin gudu a gaban Mushe Gambo ba, don ita ma ba ta sani ba.

Aka busa usur, layi ya watse da gudu, ni na tsaya. Mushe ya tako a hankali har gabana, ya tambaye ni da Faransanci me ya same ni. Na san sunan kai da ciki da ƙafa a harshensu, na san sunayen kogunan ƙasarsu, amma ba a koya mana sunan wannan ba. Na ce cikina ke ciwo. Ya ce ciwon ciki ba ya hana ƙafa aiki, ya ɗaga tsumagiya. Tsoro ya sa na sunkuyar da kai na ce da Hausa, ƙasa-ƙasa yadda shi kaɗai zai ji, "Mushe, fashin salla nake yi." Ya ji, kuma ya gane. Ɗan ƙasar nan ne, yana da mata, yana da ƙanne. Sai ya juya ya busa usur yara suka dawo. Ya sa aka ɗauko sambol ya rataya mini da hannunsa. Ya ce tun da na ƙi gudu irin na mutane, sai in zagaya filin da tsallen kwaɗo.

Na kama kunnuwana ta ƙarƙashin cinya, na tsuguna, na fara tsalle. Ƙashin jakin yana dukan ƙirjina. Duk dirar da na yi sai in ji kamar an soka mini tsinke a mara, in ji ɗumi yana bin cinyata. Ban kai wajen tutar Faransa ba igiyar kabar ta tsinke. Na ji lokacin da tsumman ya zame. Na matse ƙafafuna, amma a tsalle na gaba ya faɗi a kan yashi, jajawur, kowa yana gani. Na daskare a tsugune. Mushe Gambo ya zo ya sa bakin tsumagiyarsa ya ɗaga shi sama, ya bi gaban layi da shi kamar mai tallar nama. Ranar kaɗai na taɓa jin ya yi Hausa a filin lakwal, don kada wani ya rasa ganewa. Ya ce, "To, ga abin da gwanarku take ɗauke da shi." Samarin da suka sha bulala saboda ni suka fashe da dariya, wasu har da faɗuwa ƙasa, wani ya fara kukan kwaɗo sauran suka amsa. Dije ce kaɗai ta fito daga layi. Ta cire mayafinta ta ɗaura mini a ƙugu, Mushe yana zuba mata tsumagiya a hannu, ba ta saki ba sai da ta ƙulla. Bayan haka ya ce in ƙarasa zagayen. Na ƙarasa, ina barin ɗigo a kan yashi.

Labari ya riga ni isa gida. A zaure Gwaggo ta tare ni da mari. "Kin bari maza sun ga asirinki," in ji ta, "wa zai ƙara kallon gidan nan da mutunci?" Ba ta tambayi wanda ya sa ni tsallen ba. Maƙwabta suka shigo, kowace da abin da za ta faɗa. Wata tsohuwa ta rantse cewa macen da ta yi tsalle tana cikin jini mahaifarta ta sauka ke nan, ba za ta taɓa haihuwa ba. Suka ɗaure mini ciki tamau da ɗankwali, suka ɗura mini wani jiƙo mai ɗaci, aka shimfiɗa mini buhu a ɗakin ajiyar gyaɗa, aka ware mini ƙoƙon shan ruwa. Na kwana ina taɓa cikina, ina jira in ji abin da ya sauka. Da gari ya waye kuma Gwaggo ta miƙo mini taɓarya. Na yi surfen gidan, na ja guga a rijiyar da igiyarta ta fi ƙarfin yaro, na ɗauko tulu a ka. Ba wadda ta ce wannan yana saukar da mahaifa. Abin da ya ɗaure mini kai shi ne, da gumi ya karyo mini a bakin turmi sai na ji murɗar marar ta lafa. Ban gaya wa kowa ba, don ba mai sauraro.

Ran kasuwa Baffa ya ji labari a bakin masu sayen shanu. Ya zo gidan bai ko zauna ba, ya ɗora ni a kan jaki muka kama hanya. Har muka isa ruga sau ɗaya ya tsaya, a gindin wata kuka, ya ce in sauko in sha ruwa. Inna, mahaifiyata, ta kwance ɗankwalin da aka ɗaure ni da shi ta jefar, ta dafa ruwa ta gasa mini jiki, ta yi mini bayanin da ya kamata a ce na ji tuntuni. Na ɗauka magana ta ƙare. Amma wanda aka rubuta a lakwal ba na iyayensa ba ne kuma. Ba a jima ba dogarai biyu suka zo daga bariki a kan dawaki. Suka ɗaure Baffa a turken shanunsa, suka tuɓe masa riga, suka yi masa dorina a gaban Inna da ƙannena da mutanen ruga. Bai yi kuka ba, shanu ne suka yi ta kuka suna fizgar igiya. Da suka kwance shi ya dube ni, jini yana bin bayansa, ya ce, "Tafi, Tasalla. Ba laifinki ba ne." Da ƙafa na koma, ina bin bayan doki.

Ranar da kumandan ya zo, an share filin an yayyafa ruwa, an kafa masa rumfa da kujera. Mushe Gambo ya jera ni da samari kamar ba abin da ya taɓa faruwa. Yana busa usur, daga gefen fili aka fara kukan kwaɗo, ƙasa-ƙasa, yadda Nasaran ba zai gane ba. Na ɗaga ƙafa na ji ta yi nauyi kamar turmi. Gani nake duk idanun nan bayan zanena suke kallo. Samari suka tafi suka bar ni, ni kuwa na taka a hankali har bakin layi. Kumandan ya yi dariya ya ce wa Mushe wani abu. Dukan da na sha da yammacin ranar ya fi na kullum, amma bai dawo mini da gudu ba. Daga ranar nan ko ruwan sama ya tarar da ni a hanya, tafiya nake yi har in jiƙe.

Na gama lakwal, na yi aure, na haifi 'ya'ya, maganar tsohuwar nan ba ta tabbata ba. Dije ta rasu wajen haihuwar fari, da tabon tsumagiya a hannunta. Baffa bai ƙara tuɓe riga a gaban mutane ba har ya bar duniya. Mushe Gambo kuwa gaba ya yi ta ci. Na sake ganinsa sau ɗaya a wani taron suna a Magariya, ya tsufa, ya yi furfura, ana ta durƙusa masa. Da aka ce masa ga Tasalla, sai fuskarsa ta washe, ya nuna ni ga mutane yana cewa, "Wannan ɗalibata ce, duk maza ta fi su gudu." Ya manta da sauran. Na gaishe shi kamar yadda ake gaida manya, na koma cikin mata.

Yanzu ina da jika, Nana, tana kolej. Kwanan baya ta shigo gida da kayan wasanni, gumi sharkaf, ta zube kusa da ni ta ce, "Kaka, yau ina al'ada amma sai da na yi gudu. Madam ta ce yana rage ciwon mara, wadda kuma ta ji ba za ta iya ba ta zauna a inuwa." Haka ta faɗa, a tsakar gida, ƙannenta suna ji, ko muryarta ba ta rage ba. Audugar da take sawa a shagon bakin titi ake sayarwa, kusa da sabulu da ashana. Na so in ba ta labarina, sai na ga tana dariya tana kwance takalmi, na fasa. Da yamma nakan sa a fitar mini da tabarma ƙofar gida, in ga 'yan mata suna wucewa a guje zuwa fili, in bi su da ido har su sha kwana. Ƙafafuna sun tsufa ban san iyakar gudunsu ba.