Igiya Kaɗai na Dawo da Ita

Mun tashi da asuba daga ƙauyenmu na kusa da Sinnar, ni da maƙwabcina, a bayan lori mai kayan albasa. Rufa'a muka nufa sayen saniyar tatsa. 'Yata ta haihu, nononta ya ƙafe, jaririn kullum ƙara ramewa yake. Kuɗin audugata na bana kaf na ɗaure a lalita.

Damina ce, hanya duk caɓi. Sau biyu muka sauka muka tura lorin da muka biya ya ɗauke mu. A Wad Madani muka ci kisra, wato siririyar gurasar dawa, da miyar kuɓewa, muka sha shayi kofi girshi biyu, wanda ko ganye bai gama gani ba. Washegari muka haye kogi a jirgin fiton motoci.

A kasuwar Rufa'a na ga wata baƙar saniya, hantsarta kamar tulu. Dillali ya ce ubanta san Turawa ne. Maƙwabcina ya ce mu ɗauki ja 'yar ƙasa, ta saba da zafin nan. Na ce masa madara na zo saya, ba juriya ba. Na biya kuɗin baƙar.

Ranar dawowa an yi ruwa da safe, sai rana ta buɗe, iska ta ɗauke cak, riga tana manne wa mutum a baya. Tausayi ya kama ni. Na ari tamfol na lulluɓe bayan lorin da muka sa ta sama da gefe, na ɗaure tam, wai kada rana ta taɓa min ita. Muna jiran jirgi, wani tsohon mai jirgin fito ya kasa kunne ya ji hakinta.

"Alhaji, buɗe mata gefe. Wannan ba inuwa ba ce, tukunya ka sa ta."

Ya ce ranar da iska ta jiƙe haka, gumin saniya ba ya bushewa, sai an watsa mata ruwa, iska tana ratsawa. A raina na ce mai jirgi me ya sani a kan shanu? Na yi masa godiya, ban kwance komai ba.

Bayan mun haye, kusa da wata magudanar gonakin auduga, muka ji ta zube. Da na ɗaga tamfol, turiri ne ya bugi fuskata. Harshe a waje, miyau yana dalala, haƙarƙari yana ta bugawa. Muka yi ta kwara mata ruwa, ina! Maƙwabcina ne ya sa wuƙa, ni hannuna ya ƙi. Mutanen wurin suka sayi naman a wulaƙance.

Abin da tafiyar ta koya mini ke nan: saniya ta fi bukatar iska a kan rufi, kuma mai jirgi ya fi ni sani. Har yanzu abin yana cin raina.

Da muka iso gida, uwargidana tana bakin zaure da ƙwaryar tatsa, ta wanke ta fes. Daga ciki ina jin kukan jaririn. Na miƙa mata igiyar.