Lagireton Falon Makcik

Jama'a, wallahi wannan abu ni ya faru da ni, ba ji na yi ba, shekarun baya ina karatun injiniya a Kuala Lumpur, ina haya a wani tsohon gida kusa da titin Jalan Semarak. Mai gidan tsohuwa ce 'yar ƙasar, muna ce mata Makcik, kamar a ce Inna. Ni ba mai magana ba ne, daga makaranta sai ɗaki, ita kuwa kullum tana tsokanata wai littafi na aura.

A falonta akwai lagireto, ba na mota ba, irin na ɗumama ɗaki da ruwan zafi, a garin da mutum ke gumi ko yana wanka! Marigayi mijinta ne ya sa aka kafa shi lokacin da ciwo ya kama shi, yana rawar sanyi da rana tsaka, kullum ana shafa masa man zafi. Ɗanta ya matsa a cire a ba 'yan gwangwan, ita ta ƙi, har suka yarda ni in duba: in yana gyaruwa ya zauna, in ba haka ba ya tafi.

Wata Asabar da hantsi na durƙusa, na kankare tsatsar, na ƙwanƙwasa shi gaɓa-gaɓa, sai na ga gindin ya ruɓe har yatsana na shiga, bututun duk an yanke, tukunyar dafa ruwan ma tuni aka fitar da ita. Amma da na ɗora tafin hannuna, la'ilaha illallahu, ɗumi na ji, irin na jikin mutum. Na duba, rana ba ta kai wurin, babu waya, bangon sanyi ƙalau.

Na ce, “Makcik, akwai 'yar kusar da ake kwancewa a fitar da iska. In buɗe?”

Ta ce da yarensu, “Boleh,” wato babu laifi, “buɗe, yarona. Amma a hankali fa, ba ya son gaggawa.”

Na yi bisimilla na murɗa. Ƙarfen da ke da rami bai kamata ya riƙe iska ba, amma sai ga ta tana fita a hankali, doguwa kamar ajiyar zuciya, da ƙanshin man zafi. Kafin in ɗauke hannu ƙarfen ya huce.

Makcik ta shafa shi, ta ce, “To, ya daina jin sanyi.” Da kanta ta kira ɗanta ta ce 'yan gwangwan su zo su ɗauka. Ni ko rahoto ba a tambaye ni ba.

Har yau ban san me na buɗe ba, kuma in na ji ƙanshin man zafi sai tsikar jikina ta tashi. Shawarata, in an ba ku gyaran tsohon abu, ku fara tambayar na wane ne kafin ku kama sukundireba.