Ya Nemi Injin, Aka Kai Shi Madafi

Shekarun baya, a shekarar da soja suka miƙa wa farar hula mulki, maigidana ya gama horon sojan ruwa a kudu. Ni ina unguwar Ƙofar Guga wurin mahaifiyarsa da ɗanyen goyo. Kafin ya shiga soja gyaran injin ban-ruwa yake yi, don haka da aka tambayi kowa sashen da yake so, ɗakin injin jirgi ya zaɓa.

Da ya zo hutu, tun daga sallamarsa na san akwai magana. Bai sa kaki ba. Ya ɗauki yarinya bai yi mata wasa ba. Sai da 'yan sannu da zuwa suka watse na ce, "Malam, mi ya faru?"

Ya ce, "Madafi suka kai ni. Kuku. Wai gurbin injin ya cika. Wanda ya rarraba mu ko fuskata bai kalla ba. Ba ni komawa."

Ko ni da ban yi nisa a boko ba, na san wanda ya gudu daga soja kama shi ake yi. Na kuma san abin da ke cin ransa: a unguwarmu, namijin da ya riƙe muciya kowa ya san sunan da za a laƙaba masa.

Ni ban iya lallashi ba, kuka kawai na iya. Kukan ne ya jawo Inna, mahaifiyarsa. Ta saurara tsaf, sannan ta ce masa, "Tashi ka rufo ƙofar zaure." Ta hura wuta ta miƙa masa muciya. "Tunda rabonka ke nan, ba ka zuwa ka ba 'ya'yan mutane gudaji a tsakiyar ruwa. Su ma uwaye gare su. Ke, nuna mashi talge."

Haka na tsaya a kan mijina, ina cewa ƙara gari. Tuwon ranar bai yi ba, amma mun cinye.

Da hutunsa ya ƙare ya koma. Ya nemi canji har ya gaji, ba a ba shi ba.

A lokacin na ɗauka tunda ya koma, magana ta mutu. Sai daga baya na gane mutum kan riƙe aiki da amana alhali ransa na wani wuri. Na taɓa tambayarsa ko yanzu yana jin daɗin aikin. Ya ce, "Na saba."

Ban sake tambayarsa ba.