Sunan Da Inna Ba Ta Faɗa

Har yau in na ji ana yabon na'urar fassara ta cikin waya, raina ɓaci yake yi. Yayana, ɗan farin Inna, ya tafi karatu Koriya daga Tambuwal. Da wannan na'ura mai ƙirƙirarriyar basira ya koyi yarensu, har ya samu yarinya Musulma ya ce zai aura. Mahaifinta ya ce sai ya ji ta bakin uwar yaro tukuna.

Aka kira Inna ta bidiyo. Ni na riƙe wayar a tsakar gida, na'ura tana juya Hausa zuwa Koriyanci. Dattijon ya tambaya, wane irin yaro ne ɗanta?

To, Inna 'yar Kebbe ce, mai kunyar ɗan fari irin ta da. Ba ta taɓa kiran sunansa ba, balle ta yabe shi gaban suruki. Ta kau da kai ta ce, "Wanga? Mi ya iya ban da ci da kwana? Ku dai yi hanƙuri da shi."

A garinmu ko yaro ya san uwa mai alfahari ce ke magana haka. Amma shashashar na'urar nan ta kwashe zancen tsaf ta kai, ko gishiri ba ta sa ba. Wai basira! Na ga fuskar dattijon ta canja. Bayan kwana biyu yayana ya kira, ya ce an dakatar da maganar aure. Mutumin ya ce ba zai ba da 'yarsa ga wanda uwarsa ma ta sallama ba.

Na rubuta dogon bayani kan al'adarmu, na'ura ta fassara. Dattijon ya ce ƙane ai dole ya kare wansa, uwar yake son ji.

Aka sake kira. Inna ta daɗe tana murza bakin zanenta. Can ta ɗago ta kira sunan yayana, cikakke, ta ce duk cikin ɗiyanta babu wanda take so kamarsa. Dattijon ya yi murmushi, aure ya tabbata.

Ni ban yi murna ba. Inna ta shige ɗaki ta ja labule, kamar wadda aka tuɓe wa zane a kasuwa, kuma da yayana ya kira don ya yi godiya, ta ce in gaya masa ta yi barci.